Yadda Za Ka Bi Darussan Manhajar Motsa Jiki da Keken da Ba na Kamfaninta Ba

Kamfanonin da ke ƙera keken motsa jiki mai allo abu biyu suke sayarwa a haɗe: ƙarfen da ake hawa, da darussan da ke fitowa a allon. Mutane da yawa sun ɗauka ba a raba su, alhali kuwa ana rabawa. Peloton, kamfanin Amurka da aka kafa a 2012, wanda kekensa ya fi na kowa suna a wannan harka, yana da manhajar waya da mutum zai iya biyan kuɗin watanta ko da bai taɓa ganin keken da idonsa ba. Apple Fitness+, wadda ta fito a ƙarshen 2020, ba ta ma da keke nata, duk wanda ka hau ta yarda. iFIT, da aka gina don na'urorin NordicTrack da ProForm, ita ma tana aiki a waya. Zwift kuwa tun asali domin kekunan mutane aka yi ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne lambobi. Da zarar darasi ya kankama, koci zai fara kiran lambobin da aka tsara su a kan keken kamfanin, naka kuwa bai san da zamansu ba. Wanda bai warware wannan ba sai ya koma ɗan kallo: yana juya ƙafa, kiɗa na tashi, amma bai san ko ya yi nauyi ko ya yi sauƙi ba, kuma irin wannan hawan ba ya daɗewa mutum ya ajiye. Shi ya sa mafi yawan bayanin nan a kan lambobin zai tsaya. Ɗaya daga cikinsu, wato saurin juyin feda, ana auna ta daidai da ƙaramar na'ura. Ɗayar kuwa, wato nauyin feda, jikinka ne zai koya maka ita, kuma a ganina wanda ya koye ta haka ya fi mai kallon allo sanin abin da yake yi.

Abin da za ka rasa da abin da zai rage maka

Allon keken Peloton yana nuna lambobi uku. Ta farko saurin juyi, wato sau nawa feda ke zagayowa a minti ɗaya, abin da ake rubutawa RPM. Ta biyu nauyin feda, daga 0 zuwa 100. Ta uku ƙarfin da kake zubawa, da ake auna shi da wat, wanda keken ke lissafawa daga biyun farko. Da wannan ta ukun ake jera mutane a allon gasa, kowa ya ga wanda ke gabansa.

Idan da manhaja kaɗai kake, ba za a jera ka a gasar nan bisa ƙarfinka ba. Haka kuma za ka rasa sauyin nauyi da wasu kekuna ke yi da kansu, irin na Bike+ da Peloton ya fitar a 2020 ko na'urorin da ke bin iFIT, inda koci na cewa a ƙara, keken zai ƙara ba tare da ka taɓa komai ba. Amma koci yana nan, tsarin darasin yana nan, kiɗan yana nan, tarihin hawanka yana taruwa, ga kuma darussan ɗaga ƙarfe da miƙe jijiyoyi da ba sa bukatar keke ko kaɗan. Allon gasar shi ne ƙaramar asara. Kekunan kamfani ɗaya ma ba duka suke auna ƙarfi daidai da juna ba, saboda haka wanda ke samanka a jerin ba lallai ne ya fi ka ƙoƙari ba.

Mataki na 1: Duba manhajar kafin ka nemi keke

Kada ka fara da sayen ƙarfe. Ka fara buɗe rumbun manhajojin wayarka ka tabbatar manhajar tana samuwa a ƙasar da kake, domin ba kowace ce ake bayarwa a ko'ina ba. Ta Peloton, alal misali, a ƙasashe ƙalilan take aiki, irin su Amurka, Kanada, Birtaniya, Jamus da Ostareliya. Apple Fitness+ sai mai iPhone.

Sannan ka karanta matakan rajistar da kyau. A 2023 Peloton ya raba manhajarsa zuwa matakai, kuma ƙaramin matakin da ake biya ya ƙayyade yawan darussan keke da za a iya yi a wata. Irin wannan sharaɗi yana canzawa, don haka ka karanta abin da ke rubuce a ranar da za ka shiga. Idan akwai kwanakin gwaji kyauta, ka yi amfani da su, ka kuma rubuta ranar da za su ƙare, domin galibi rajistar tana sabunta kanta ta cire kuɗi ba tare da ta sake tambaya ba. A kwanakin gwajin, ka kalli darasin keke ɗaya kana zaune a kujera. Ka saurari yadda kocin ke magana. Idan yana yawan kwatanta yadda ya kamata ka ji a jikinka, ba lamba kaɗai yake jefawa ba, shi ne kocin da zai fi yi maka amfani.

Mataki na 2: Keken da za ka hau

Darussan nan an tsara su ne a kan keke mai faifan ƙarfe mai nauyi, mai sirdi siriri, wanda ake iya miƙewa tsaye a kansa ana tuƙawa. Keken da ake zama a jingine kamar kujera, ko mai faffaɗan sirdi da ake zama a miƙe, zai yi idan shi kake da shi, sai dai duk inda aka ce a tashi tsaye kai za ka zauna ka ƙara nauyi kawai. Wannan ba aibi ba ne, musamman ga mai ciwon baya ko gwiwa.

Idan saye za ka yi, babban abin dubawa shi ne yadda keken ke samar da nauyi. Iri biyu ne. Akwai mai soson birki da ke goga faifan: yana da ɗan ƙara, soson yana cinyewa, kuma nauyin yakan sauya idan ya ɗauki zafi. Akwai mai maganaɗisu, wanda ba abin da ke taɓa faifan, maganaɗisun ne ke matsowa kusa ko ya ja baya. Wannan ya fi shiru, kuma nauyin da ka samu yau a wani wuri shi za ka samu gobe a wurin. Ga mai bin manhaja wannan daidaiton ya fi komai, don haka mai maganaɗisu nake ba da shawara ga duk wanda ya samu hali. Mai bel kuma ya fi mai sarƙa shiru, ba ya kuma neman mai.

Ka tabbatar sirdin yana hawa yana sauka, yana kuma matsawa gaba da baya. Ka duba iyakar nauyin mutum da keken ke ɗauka da tsawon da ya dace da shi, duka suna rubuce a takardarsa. Ka kama kan keken ka girgiza shi, wanda ke rawa a ajiye zai fi rawa idan ka miƙe a kansa. Wasu kekuna, irin su Schwinn IC4 da Bowflex C6, suna da Bluetooth a jikinsu, suna aika saurin juyi zuwa waya kai tsaye, suna kuma nuna nauyi daga 1 zuwa 100. Kada wannan 100 ɗin ta ruɗe ka, ba irin ta Peloton ba ce. Za mu zo kan haka.

Mai keken hawa na titi yana da wata hanyar: ya ɗora shi a kan maɗaurin da ke riƙe tayar baya, ko wanda ake cire tayar baya gaba ɗaya a ɗaura sarƙar a jikinsa, irin na Wahoo ko Tacx. A nan giyar keken ita ce abin ƙara nauyi.

Game da feda: keken Peloton yana zuwa da feda mai kama takalmi na musamman samfurin Look Delta, amma kai ba ruwanka da wannan. Feda mai kejin saka yatsu da takalmin motsa jiki mai taurin ƙasa sun isa. Idan wata rana za ka canza feda, ka tuna ta hagu a juye take ɗaurewa, ɓangaren da ka saba kwance noti nan take ƙara tamkewa.

Mataki na 3: Saita zamanka

Keken da ba na kamfani ba babu wanda zai zo ya saita maka shi, kuma yawancin ciwon gwiwa da ake ɗora wa keke daga sirdi yake fitowa. Tsaya a gefen keken ka ɗaga sirdin ya yi daidai da ƙashin ƙugunka. Hau, ka ɗora diddige a kan feda, ka kai ta can ƙasa: ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Yanzu mayar da tudun ƙafarka, wanda ke bayan yatsu, kan fedar. Za ka ga gwiwar ta ɗan lanƙwashe, kimanin digiri 25 zuwa 35. Nan ake so.

Mai son lissafi yana iya bin ma'aunin da aka fi sani da sunan Greg LeMond, ɗan tseren Amurka da ya ci gasar Tour de France sau uku. Ka auna tsawon cikin ƙafarka daga ƙasa zuwa matsematsi, ba takalmi, ka ninka da 0.883. Idan ka samu santimita 80, amsar ita ce kusan 70.6, kuma wannan shi ne nisan da zai kasance daga tsakiyar ƙarfen da hannun feda ke juyawa a kansa zuwa saman sirdi. Mafari ne, kana iya ɗan ƙarawa ko ragewa.

Sai gaba da baya. Ka daidaita fedojin biyu su kwanta a layi ɗaya, gaban gwiwar ƙafar da ke gaba ya kasance a saman tsakiyar fedar. Kan keken kuma sabon mahayi ya bar shi daidai da sirdi ko sama da shi kaɗan. Jikinka zai gaya maka idan da kuskure: ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa ne, ciwo a bayan gwiwa ko ƙugu yana rangaji dama da hagu ya yi sama ne, hannu yana sanƙarewa kuwa ka zuba nauyinka a gaba da yawa. Da ka samu wurin da ya yi maka, ka sa alama da alƙalamin maka, musamman idan ba kai kaɗai ke hawa ba.

Mataki na 4: Saurin juyi, lambar da ake aunawa daidai

Juyi 80 a minti juyi 80 ne a kowane keke a duniya, saboda haka wannan rabin matsalar yana da cikakkiyar mafita. Na'urar ƙirga juyi 'yar ƙarama ce, ba ta kai akwatin ashana ba. Wahoo, Garmin da Magene duk suna yin ta. Ana ɗaure ta da roba a cikin hannun fedar hagu, yawanci tana aiki da batir zagayayye CR2032, kuma tana aika lambar ta Bluetooth ko ANT+, wani tsarin sadarwa na na'urorin wasanni. Ka tabbatar wadda za ka saya tana da Bluetooth, domin shi waya ke ji.

Ga yadda ake haɗawa. Ɗaure ta, ka juya feda a hankali da hannu ka ga ba ta gogar jikin keke. Kunna Bluetooth na waya. Hau ka yi juyi kaɗan don na'urar ta farka, tunda barci take idan ba motsi. Buɗe darasin, ka nemi alamar haɗa na'urori a cikin manhajar, ka zaɓi sunanta. A nan ne mutane suka fi tuntuɓe: a cikin manhajar ake haɗa ta, ba a saitin Bluetooth na waya ba. Kuma yawancin irin waɗannan na'urori waya ɗaya ko manhaja ɗaya suke kamawa a lokaci guda, idan wata manhajar ta riga ta kama ta a ɓoye, wadda kake so ba za ta gan ta ba. Rufe waccan, ka sake nema. Wasu na'urorin suna da yanayi biyu, na ƙirga juyi da na auna gudun taya, ka tabbatar tana kan na juyi.

Ba kowace manhaja ke nuna juyi a kan kowace waya ba. Idan taka ba ta nunawa, ka buɗe manhajar kamfanin na'urar a waya, darasin kuma ka kalle shi a wani allon.

In ba ka da na'urar, ƙirga da kanka. Duba agogo, ka ƙirga sau nawa gwiwar dama ta taso a daƙiƙa 15, ka ninka da 4. Sau 15 juyi 60 ke nan, sau 20 juyi 80, sau 25 juyi 100. Akwai kuma hanyar da ta fi wannan daɗi: a darussa da yawa kocin yana taka feda ne bisa bugun kiɗa. Ka kalli ƙafarsa ka daidaita taka da tasa. Idan waƙa tana bugu 128 a minti, kuma kowane bugu ƙafa ɗaya ke sauka, kana kan juyi 64, wanda saurin hawan tudu ne. A taƙaice, miƙaƙƙiyar hanya takan kasance tsakanin juyi 80 da 100, hawan tudu tsakanin 60 da 80.

Mataki na 5: Nauyin feda, lambar da za ka gina da kanka

Nan ne ainihin aikin. Idan koci ya ce a sa nauyi tsakanin 35 da 45, magana yake a kan sikelin keken kamfaninsa. Naka ko dai ba ya nuna lamba sam, ko yana nuna wata daban: mataki 8, ko 24, ko 32, ko 100 da ba ta yi daidai da tasu ba. Akwai jadawalai a intanet da ke cewa kaza a wannan keke daidai yake da kaza a wancan. Suna iya ba ka mafari idan samfurin kekenka ne aka yi wa, amma kada ka riƙe su kamar doka. Kekuna biyu masu suna ɗaya ma sukan bambanta.

Abin da ya fi shi ne ka ware zama guda, minti ashirin zuwa talatin, ba darasi, ka zana naka sikelin. Ka tanadi guntun tef, maka, da kati.

Fara da ɗumama jiki na minti goma. Sannan ka kwance abin murɗawar da ke ƙara wa feda nauyi gaba ɗaya har feda ta zama fayau. Manna tef a samansa, ka ja layi yana kallon gaba sak. Wannan shi ne sifilinka, daga nan za ka riƙa ƙirga zagaye da rubu'in zagaye. Idan kekenka mai lamba ne, lambar za ka riƙa rubutawa.

Kai juyinka 85 zuwa 90. A wannan fayau ɗin za ka ji kana tsalle-tsalle a kan sirdi, fedar tana gudu ta bar ƙafarka. Ƙara rubu'in zagaye, ka jira daƙiƙa ashirin, ka sake ƙarawa. Akwai wurin da tsallen zai tsaya, ka ji kamar ƙafarka ta taka ƙasa, amma numfashinka yana nan lafiya, kana iya faɗar doguwar magana ba ka yanke ba. Tsaya nan ka rubuta. Wannan ita ce miƙaƙƙiyar hanyarka, kuma ita ake nufi idan kocin Peloton ya kira wani abu kamar 25 zuwa 35.

Ci gaba da ƙarawa kana riƙe da juyi 80. Za ka iso inda maganarka ta fara guntulewa, kalma biyar ko shida sai ka ja numfashi, cinyoyinka sun san ana aiki amma za ka iya jurewa minti goma ko fiye. Rubuta. Wannan shi ne makin aiki, abin da za ka nema idan an kira lambobin da ke kewayen 40.

Yanzu sauke juyi zuwa 65, ka ƙara nauyi har ka ji za ka iya miƙewa tsaye fedar ta riƙe ka, ba ta zurma da kai ba. Magana a nan kalma biyu ce ko uku. Rubuta, wannan tudunka ne, kewayen 50 a bakin koci. Na ƙarshe, ƙara har ka kai nauyin da da ƙyar kake riƙe juyi 60 na minti ɗaya. Wannan shi ne rufinka na yanzu. Duk abin da ya sa juyinka ya faɗi ƙasa da 55 ko 50 ya wuce kima, gwiwa ce ke biyan kuɗinsa.

Ka samu maki huɗu ke nan. Rubuta su a katin da manyan baƙi, misali: hanya, zagaye 1 da rabi, aiki, zagaye 2 da rubu'i, tudu, zagaye 3, rufi, 3 da rabi. Naka za su bambanta da waɗannan. Manna katin a kan keken inda ido zai riƙa faɗawa. Za ka lura da wani abu a keke mai maganaɗisu: zagayen farko kusan ba sa ƙara komai, na ƙarshe kuwa rubu'i ɗaya yana iya tsayar da kai, saboda jan maganaɗisu yana ƙaruwa da sauri idan ya matso kusa da faifan. Don haka idan koci ya ce a ƙara maki biyu ko uku, kai ɗan taɓawa kawai za ka yi, ba rubu'in zagaye ba.

Bayan katin, ka saba da auna wahala daga 1 zuwa 10, ma'aunin da ya samo asali daga aikin Gunnar Borg, masani ɗan ƙasar Suwidin. Miƙaƙƙiyar hanya 3 zuwa 4 ce, aiki 5 zuwa 6, tudu 7 zuwa 8, gudun ƙarshe na 'yan daƙiƙu 9 zuwa 10. Amfaninsa shi ne yana tafiya da yanayinka. Ranar da ba ka yi barci sosai ba, zagaye 3 zai zame maka 9 maimakon 7, kuma a ranar jikinka za ka bi, ba katin ba. Idan dole sai ka zaɓi ɗaya tsakanin juyin da aka kira da nauyin da aka kira, riƙe juyin, ka rage nauyin.

Ka sake wannan gwajin duk wata ɗaya ko biyu. Ƙarfinka zai ƙaru, soson birki kuma yana cinyewa, saboda haka makin suna matsawa. Ranar da ka ga miƙaƙƙiyar hanyarka ta koma inda a da kake kira aiki, ka samu shaidar ci gaba da ba ta bukatar allon gasa.

Mataki na 6: Bugun zuciya

Na'urar auna bugun zuciya ita ce shaida ta biyu a kan abin da jikinka ke faɗa. Ta ɗaurawa a ƙirji ta fi ta agogon hannu daidai idan ana aiki mai tsanani. Ka ɗan jiƙa wuraren da ke taɓa fata kafin ka ɗaura, ka haɗa ta a cikin manhaja kamar yadda ka haɗa ta juyi.

Ana ƙiyasta ƙololuwar bugu da cire shekarunka daga 220. Ɗan shekara 40 zai samu 180. Hawan natsuwa, kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari, zai kasance tsakanin 117 da 135. Daga kashi 85, wato 153, ya shiga aiki mai tsanani. Ƙiyasi ne kawai, mutum na iya fin haka ko ya gaza da bugu goma ko fiye. Sannan zuciya ba ta amsawa nan take, takan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta kamo aikin da ƙafa ke yi, don haka ba ta da amfani a gudun daƙiƙa 20 irin na darussan Tabata, masu gajerun gudu masu tsanani da ɗan hutu a tsakani. Zafin ɗaki da ƙarancin ruwa a jiki suna ɗaga ta, wasu magungunan hawan jini da na zuciya kuma suna sauke ta.

Mai ciwon zuciya, ko hawan jini, ko ciwon suga, da mai juna biyu, da wanda ya daɗe rabonsa da motsa jiki, su fara ganin likita. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan an sassauta, alamu ne na a sauka nan take a nemi taimako.

Mataki na 7: Allo da iska

Waya ta isa, amma kwamfutar hannu ta fi, saboda kana bukatar ganin ƙafar koci da lambobinka ba tare da ka sunkuya ba. Sa ta a maƙali a kan keken ko a kan wani abu mai tsayi a gabanka. Idan talabijin kake so, hasko allon wayar gaba ɗaya ta AirPlay ko makamancinsa, ta haka lambobin na'urorinka za su fito tare da hoton. Idan intanet ɗinka yana yankewa, darussan da aka ajiye sun fi na kai tsaye, tunda kana iya tsayarwa ka ci gaba.

Fanka ba kayan ƙawa ba ce. A titi iska ce ke busar da gumi, a ɗaki babu ita, zafi yana taruwa, bugun zuciya ya hau, ka gaji tun ƙafafunka ba su yi komai ba. Sa ta a gabanka tana dukan ƙirji. Shimfiɗar roba a ƙarƙashin keke, tawul a kansa, gorar ruwa a inda hannu zai kai.

Mataki na 8: Makonnin farko

Fara da darussan sababbin shiga na minti 15 zuwa 20, sau uku a mako, da hutun kwana a tsakani. Ka zauna a sirdi yawancin lokaci. Za ka ji ciwon mazaunai a hawan farko-farko, yana raguwa idan jiki ya saba, wando mai soso kuma yana taimakawa fiye da sirdi mai laushi. Daga mako na uku ka kai minti 30, ka shigo da darasin tudu ɗaya. Masu tsanani ka bar su sai ka yi wata guda, kuma ko a lokacin sau ɗaya ko biyu a mako sun isa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Darussan ɗaga ƙarfe da ke cikin manhajar da ka riga ka biya suna cike wannan gurbi na ƙarshe.

Wani abu da sabon mahayi ya kamata ya sani tun ranar farko: a yawancin waɗannan kekuna feda a ɗaure take da faifan, idan ka daina juyawa ita ba za ta daina ba. Kada ka zare ƙafa tana gudu. Danna abin murɗawar ƙasa, shi ne birkin gaggawa. Idan ka gama, tamke shi sosai yadda yaro ba zai iya juya fedar ba, gobe ka kwance ka koma sifilinka.

Ga mai son lambar wat

Wasu darussan, irin na Power Zone a Peloton da kusan komai na Zwift, a kan wat aka gina su. A nan katin tef ba zai wadatar ba. Kana bukatar ko dai feda mai auna ƙarfi, irin Favero Assioma ko Garmin Rally, ko keke ko maɗauri mai magana da manhaja ta tsarin Bluetooth da ake kira FTMS, wanda har yana ba Zwift damar ƙara maka nauyi da kanta idan an zo tudu. Da ka samu wat, sai gwajin FTP, wato ƙarfin da za ka iya riƙewa na kusan awa ɗaya: ka tuƙa iya ƙarfinka na minti 20, ka ɗauki kashi 95 cikin ɗari na matsakaicin. Wanda ya samu 180 FTP ɗinsa 171 ne, kuma yankinsa na biyu, wato na hawan natsuwa, kashi 56 zuwa 75 na FTP a tsarin masanin motsa jiki Andrew Coggan da ya raba ƙarfi zuwa yankuna, zai kama daga 96 zuwa 128. Wat ɗin da ƙananan kekuna ke nunawa yawanci ƙiyasi ne, ba awo ba. Yana da amfani wajen gwada kanka na yau da na watan jiya a kan keke ɗaya, amma kada ka gwada shi da na wani. Shawarata ita ce kada ka kashe kuɗi a nan sai ka yi wata uku kana hawa ba fashi.

Kula da keken

Gumi gishiri ne, yana cin ƙarfe. Goge kan keken, sandar sirdi da kewayen abin murɗawa bayan kowane hawa. Duk wata ka bi feda da notocin hannunta da sufana, domin ƙarar ƙas-ƙas da ake ji a kowane juyi yawanci daga nan take. Mai soson birki ya duba kaurinsa, ya sa man da takardar keken ta ambata idan ya fara kuka. Idan lambar juyi ta fara tsalle ko tana ɓacewa a tsakiyar darasi, kafin ka zargi manhaja ka canza batirin na'urar, ka kuma duba ko robar da ke riƙe ta ta saki.